Bayan Likita Ya Ce a Koma Gida

A asibitocinmu akwai wata magana da ake faɗa da murya ƙasa-ƙasa, galibi a baranda, ba a gaban mara lafiya ba. Likita zai ja miji ko babban ɗa gefe ya ce, "Ku koma gida ku ci gaba da addu'a." Kowa ya san abin da ake nufi. An gama aune-aune, ciwon daji ne, ya kuma yaɗu inda wuƙa da allura ba za su cim masa ba. Sai a naɗe tabarma, a tattara buta da kwanoni, a nemi motar Illela. A bi ta Kware da Gwadabawa, tafiyar sama da kilomita 80, daga Illela kuma a yi shatar mota ko a tallabo mara lafiya a kan kabu-kabu zuwa Lafani. Daga ranar nan asibiti ya rufe fayil, amma mutumin yana nan da ransa. Yana iya yin mako uku, yana iya yin wata takwas.

Wannan tsakanin shi ne ɓangaren ciwon daji da aka fi yin shiru a kansa. Idan gwamnati ta tashi magana, na'urorin gashi take lissafawa. Idan 'yan jarida suka tashi, neman gudummawar kuɗin aiki suke yi wa wani bawan Allah. Duk abin so ne. Sai dai mafi yawan masu wannan ciwo a ƙasar nan ba tashi suke yi ba. Ƙiyasin hukumar binciken ciwon daji ta duniya, mai mazauni a Liyon ta Faransa, ya nuna cewa a 2022 mutum kusan 128,000 ne suka kamu a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Duk wanda ke cikin wannan adadi na biyu sai da ya bi ta watannin nan na ƙarshe, kuma a karkara irin tamu a ɗakin gidansu ya bi ta cikinsu, ba a gadon asibiti ba.

A tsakanin mata, sankarar mama da ta bakin mahaifa ne kan gaba. A tsakanin maza akwai ta hanta, wadda ciwon hanta nau'in B da funfunar gyaɗa da masara ke share wa hanya, da ta furostet, wato ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Ƙasar Sakkwato tana da nata kason na daban: likitocin nan sun daɗe da lura da yawan sankarar mafitsara, kuma tushenta sau da yawa tsargiya ce. Yaron da ya tashi yana wanka a tafki yana fitsarin jini, ana cewa ai kowa ya yi, shi ne dattijon da bayan shekara arba'in jinin ke dawo masa, wannan karon ba ya tsayawa.

Mafi yawansu a makare suke isa asibiti, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Kuɗi na farko, domin a ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita. Sai kunya, musamman idan abin a mama yake ko a gaba. Sai tsohon zancen nan cewa daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya fusata. Wannan zance kansa yake ciyar da kansa: wanda ya yarda da shi ba ya zuwa sai ciwo ya ci ƙarfinsa, a yi aiki a makare, ya rasu bayan wata biyu, mutanen gari su ce ka gani ko.

Wanda ya yi niyyar nema kuma, sai ya sha hanya. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana cikin 'yan tsirarun asibitocin tarayya masu sashen gashin daji, amma na'urorin gashi a Nijeriya kaɗan ne, kuma idan ɗaya ta tsaya sai a tura mutane Zariya ko Abuja ko Legas. A 2025 an buɗe sabuwar cibiya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Asusun tallafa wa masu ciwon daji da gwamnatin tarayya ta soma a 2021 ya fara ne da nau'i uku, mama da bakin mahaifa da furostet, cibiyarsa ta Arewa maso Yamma kuma aka sa ta a asibitin Shika na Zariya. A lokacin, mai sankarar mafitsara ko ta hanta ba ya ciki. Ta ɗaya gefen iyaka, mutanen nan sun saba ƙetarawa Kwanni su nufi asibitin mishan na Galmi, wanda ke aiki tun 1950, amma gashi a Nijar sai Yamai, inda aka buɗe cibiyar farko a 2021, tafiyar sama da kilomita 400 daga Kwanni. Kafin iyali su gama wannan zagaye, an kai raguna kasuwar Lahadi ta Illela, an karyar da albasa tun ba ta yi daraja ba, an jinginar da gona. Lokacin da aka ce a koma gida, gidan da za a koma ɗin ya riga ya talauce.

Duk da haka gidan Bahaushe yana da abin da asibitocin Turai ke neman sa da kuɗi ba su samu ba. Ba a barin mara lafiya shi kaɗai. Akwai mai dama kunu, akwai mai fifita, akwai mai karatu a gefen shimfiɗa, maƙwabta na shigowa da "Ya jiki?" safe da yamma. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali na St Christopher a Landan a 1967, ta koyar da cewa wahalar mai mutuwa ba ta jiki kaɗai ba ce, akwai ta zuciya, da ta iyali, da ta tsakaninsa da Ubangijinsa. Uku na ƙarshen nan muna da tanadinsu tun kaka da kakanni. Na farkon ne muka gaza a kansa, kuma idan aka gaza a kansa yana cinye sauran ukun.

Ciwon daji idan ya shiga ƙashi ko ya danne jijiya, zafinsa ba irin wanda Panadol ke ɗauka ba ne. Ba ya lafawa da dare, ba ya bari a juya, ba ya bari a yi barci, ba ya barin kowa a gidan ya yi barci. Dattijon da duk rayuwarsa ba a taɓa jin muryarsa ta ɗaga ba, sai a ji nishinsa daga zaure. Abin da iyali ke da shi shi ne mai kemis. Zai ba da dikulofenak ko aibufurofen, a yi ta sha har su ci ciki su taɓa ƙoda. In abin ya tsananta a kira malamin asibiti ya yi allurar fenta, ta yi aiki awa biyu ko uku ta sake shi, a jikin da ba sauran naman da za a soka.

Alhali maganin wannan zafi sananne ne, tsoho ne, kuma mai araha. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shimfiɗa ƙa'idar: a fara da magani mai sauƙi, in bai ɗauka ba a hau na tsakiya, in bai ɗauka ba a hau mofin. A ba da shi ta baki, a kan lokaci, duk bayan awa huɗu, ba a jira sai zafi ya dawo ba. Mofin hoda ce da ake narkawa da ruwa mai tsabta, a sa abin da zai hana ta lalacewa, a zuba a gora. Ba ta buƙatar firji. Uwa ko ɗiya tana iya auna ta da sirinji marar allura ta ɗiga a baki. Kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ba da rahoto a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin wannan magani da ake rarrabawa a duniya, abin da Nijeriya ke samu kuma bai kai kashi 1 cikin 100 na buƙatarta ba.

A garin iyaka wannan magana tana da ɗaci na musamman. Wa ya ce ƙwaya mai ƙarfi ba ta zuwa Illela? Tiramol ta cika Afirka ta Yamma, tana ratsa iyakoki a cikin kaya, tana kai wa ɗan kabu-kabu da mai dako da yaron da ke noman ƙwadago. Kodin ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai ɗauke da ita a 2018, bayan wani rahoton BBC da ya girgiza Arewa. Wato saurayi mai lafiya da ke neman maye yana samun abin da yake so a bayan tasha, tsohuwar da daji ya cinye wa ƙugu kuwa ba ta samun cokali ɗaya na halal. Yarjejeniyar duniya ta 1961 a kan miyagun ƙwayoyi wajibai biyu ta ɗora wa ƙasashe: su hana a yi wasa da su, su kuma tabbatar masu ciwo sun samu. Mun riƙe na farko, ko da yake yana zuba ta ko'ina, mun saki na biyu.

Ba wai ba a yi komai ba. Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta sun kafa sashen jinyar masu ciwon ajali a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 2007. Daga 2012 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da taimakon ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka, ta koma shigo da hodar mofin ana haɗa ruwanta a manyan asibitoci. A 2021 aka fitar da manufar ƙasa a kan jinyar masu ciwon ajali. Amma maganin daga rumbun tarayya na Oshodi a Legas yake tasowa, sama da kilomita 1,000 daga nan, ya tsaya a asibitin koyarwa, inda sai likita ya rubuta. Iyalin Lafani da suka dawo gida ba za su riƙa biyan kuɗin mota zuwa Sakkwato duk mako biyu don gora ɗaya ba, balle a hanyoyin gabashin jihar da matsalar 'yan bindiga ta sa kowa ke lissafin lokacin fita.

Yuganda ta fuskanci wannan tun da daɗewa. Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Nijeriya a ƙuruciyarta, ta kafa Hospice Africa a Kampala a 1993 bisa sharaɗin a bar ta ta shigo da hodar mofin. A 2004 ƙasar ta gyara dokarta ta bai wa nas-nas da jami'an asibiti da suka sami horo na musamman ikon rubuta ta, domin likitoci ba sa isa ƙauye. Gwamnati ce ke biya, mara lafiya kyauta yake karɓa, kowane ƙarfi da launin ruwansa don kada mai jinyar da ba ta yi boko ba ta rikice. Da farko an ji tsoron za a karkatar da ita ga 'yan maye, sai aka tarar ruwan da aka sirka haka, mai rajista da sa hannu, ba shi ne ke jan hankalinsu ba. Yuganda ba ta fi mu arziki ba.

Tsoron da ke zukatan mutanenmu kuwa ya cancanci a amsa shi da girmamawa. Wasu na cewa zai zama ɗan ƙwaya. Wanda ake bai wa mofin gwargwadon zafinsa da wuya ya faɗa wannan, kuma mutumin da ya rage masa wata uku ba wannan ce damuwarsa ba. Wasu na cewa tana gaggauta ajali. An ga haka ne domin a asibitocinmu ba a fito da ita sai ana gargara, sai a ɗora mata laifin abin da ya riga ya iso. Idan aka fara da kaɗan ana ƙarawa a hankali, ba ta rage kwana. Wannan kuma ba shi da dangantaka da kashe mara lafiya don a hutar da shi, abin da addini da doka suka haramta.

Tsoro na uku shi ne mai nauyi, kuma shi ne ba a cika furtawa a gaban likita ba: kada magani ya gusar masa da hankali ya kasa cikawa da kalmar shahada. Duk Musulmi ya san girman wannan. Amsar ita ce, mofin da aka auna daidai takan kawo gyangyaɗi a kwana biyu ko uku na farko, sannan ya wuce, mutum ya dawo cikin hayyacinsa. Abin da ke raba mutum da zikiri shi ne azabar da ba ta barinsa ya haɗa kalma biyu. Wanda aka sauke wa zafi shi ne ke iya taimama, ya yi salla a kwance, ya saurari karatu, ya amsa kalmar shahada in an laƙanta masa. Akwai kuma masu ganin jure zafin shi ne haƙuri, tunda ciwo kaffara ne. Ladar haƙuri ba ta taɓa rataya a kan ƙin magani ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, littattafai ya rubuta a kan magunguna, malaman fiƙihu kuma sun halatta abin da ke taɓa hankali idan lalurar magani ta kama, kamar yadda ake sa mutum barci kafin aiki. Da limamai za su faɗi wannan a huɗuba sau ɗaya, da sun sauƙaƙa wa gidaje da yawa.

Bayan zafi akwai ƙananan abubuwa da, in an san su, ke sauya kwanakin mutum. Mofin tana ɗaure ciki, saboda haka duk wanda aka ba shi ita dole a haɗa masa da mai sassautawa. Filaskon da muka sani dangin sanannen maganin asibiti ne na wannan, sai dai ma'aikacin lafiya ya faɗi gwargwado. Gyambon mama da ya fashe yana wari, a zafin watan Afrilu da ma'auni ke haura 40 warin kan kori har 'ya'yan cikinta, ita kuma tana lura da kowane hanci da aka toshe. Ƙwayar Flagyl da aka daka aka barbaɗa a kan gyambon bayan an wanke da ruwan gishiri tana kashe warin nan cikin 'yan kwanaki, da kuɗin da bai kai na kwanon gero ba. Wanda ba ya iya juyawa a riƙa juya shi duk bayan awa biyu don kada kwanciya ta huda masa baya. A riƙa jiƙa leɓe, a goge baki.

Abinci shi ne inda ƙauna ke zama wahala. A wurinmu ciyarwa ita ce jinya, idan mara lafiya ya ture kofin kunu sai uwargida ta ji kamar ita ta gaza. "Daure ka sha, Baba, ko kurɓi uku." A dafa kaza, a kawo fura, a yi ta lallashi har ya sha don kunya ya amayar. A makonnin ƙarshe jiki da kansa yake daina neman abinci, ba yunwa ce ke kashe shi ba. Haka ƙarin ruwa, wanda iyali ke roƙo domin shi ne alamar ana yin wani abu: a wannan mataki yakan taru a ƙirji da ƙafafu ya ƙara nauyin numfashi. Kurɓin da ya nema da kansa ya fi leda uku. 'Yan dubiya ma, duk da alherinsu, kan cika ɗaki tun safe, mara lafiya yana ta "da sauƙi" har muryarsa ta dushe, ana kuma dafa musu daga ɗan abin da ya rage. Ladabin dubiya a Musulunci gajartawa ne.

Sai tsarki, wanda likita ba ya tambaya, mara lafiya kuma ba ya faɗa. Dattijo mai robar fitsari, ko matar da jini da ruwa ba sa tsaya mata, sau da yawa sun daina salla a ɓoye, suna ganin ba ta karɓuwa, wannan kuma yana cin su fiye da ciwon. A mazhabar Malikiyya da muke bi, abin da ke zuba ba da ikon mutum ba a mafi yawan lokaci ba ya karya alwala, taimama tana tsayawa a madadin ruwa, salla kuma tana yiwuwa a zaune ko a kwance ko da nuni. Duk almajirin da ya sauke Iziyya da Risala ya san wannan. Abin da ya rage shi ne wani ya shiga ɗakin ya faɗa, ga mata kuma mace ce za ta faɗa.

Yanzu maganar da na fi jin nauyinta: a gaya masa ko kada a gaya masa? Al'adarmu ɓoyewa ce. "Likita, don Allah kada ya ji, zuciyarsa za ta karye." Niyyar mai kyau ce, amma ina ganin a mafi yawan lokuta kuskure ne. Mara lafiya ya fi kowa sanin jikinsa. Ya ga an daina zancen komawa asibiti, ya ga 'yar'uwarsa ta zo daga Tawa ta Nijar ba biki ba suna. Sai ya zama yana ɓoye musu ya sani, suna ɓoye masa sun sani, kowa na yi wa kowa "Allah ya ƙara sauƙi", a rasa mai buɗe zancen da ya kamata. Ɗan kasuwar iyaka bashinsa a kai yake, wani da naira wani da sefa, wani a Illela wani a Kwanni, ga amanar shanun wani a hannunsa, ga gonar da aka jinginar ba takarda. Akwai wasiyya, wadda shari'a ta ba shi iko a kan sulusin dukiyarsa. Akwai ɗan'uwan da suka shekara goma ba sa ga-maciji, akwai matar da yake son ya nemi yafiyarta. Mutumin da ya yi imani bashi na tsare mamaci, hana shi damar sauke shi ba tausayi ba ne.

Ba ana nufin a tsaya a kansa a yanka masa wa'adi ba. Ajali na Allah ne, likitan da ya ce saura wata biyu ma yakan yi kuskure. Akwai hanyar da ta dace da bakinmu: a tambaye shi yadda yake ganin jikin nasa, a bar shi ya ja zancen iya inda yake so. "Kawu, ciwon nan likitoci sun ce ba su da maganin da zai raba ka da shi, amma akwai na rage zafi. Ko akwai abin da kake son a yi, ko wanda kake son a kira?" Wanda ba ya son ji zai kau da zancen, sai a ƙyale shi. Ga mace abin ya fi tsanani, domin sau da yawa mijinta aka gaya wa, shi ya yanke a koma gida, wani lokaci ma gidan iyayenta za a mai da ita jinya, ta bar 'ya'yanta ba tare da an tambaye ta wa take so ya riƙe su ba.

Mai maganin gargajiya, da mai lasifikar kasuwa, da mai kemis ɗin Musulunci, duk a wannan gurbi suke shigowa. Wasunsu na cutarwa ƙwarai: a yi sakiya a kan ƙari, a ɗaura abin da ke ƙona fata, a karɓe sauran kuɗin da ya kamata ya ciyar da marayu. Amma kafin mu zage su mu lura da abin da ya sa ake bin su. Suna zuwa har gida, suna zama su saurara, kuma ba su taɓa cewa ba abin da za a yi. Asibiti ne ya bar musu filin.

Akwai ƙorafi mai ƙarfi a kan duk wannan, ba zan kauce masa ba. Wani zai ce wannan ai lallashin talaka ne: mai kuɗi ya tafi Alƙahira ko Indiya a yi masa aiki, na Lafani a miƙa masa gorar ruwa a ce ya mutu cikin natsuwa. Haɗarin gaskiya ne, musamman idan aka fara kiran kowane mai rama da tari mai ciwon ajali ba tare da awo ba, alhali tarin fuka ne da ake warkarwa kyauta. Dole a tabbatar da ciwo tukuna. Amma jinyar nan ba kishiyar magani ba ce. Wani bincike da aka buga a 2010 daga Bostan ta Amurka, a kan masu sankarar huhu da ta yaɗu, ya nuna waɗanda aka haɗa musu ita da maganin daji tun farko sun fi jin daɗin kwanakinsu, har ma sun fi daɗewa da kusan wata uku. Na'urar gashin ma tana yi wa wanda ba zai warke ba aiki: zama ɗaya kan kwantar da zafin ƙashi ko ya tsai da zubar jini. Neman na'ura da neman mofin hakki ɗaya ne, sai dai ɗaya na buƙatar biliyoyi da shekaru, ɗayan kuma sa hannu da horon 'yan makonni.

Su wa za su yi? A jihar Kerala ta Indiya, musamman gundumar Malappuram mai rinjayen Musulmi, tun wajen 2001 unguwanni suka kafa ƙungiyoyin sa-kai: maƙwabta ke gano masu kwance, su tara kuɗi kaɗan-kaɗan, nas ta riƙa zagayawa gida-gida, likita na bayanta. Kayan haɗa irin wannan suna nan a Illela. Akwai 'yan agajin ƙungiyoyin addini da ke tsare filin idi da jana'iza. Akwai ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da makarantun Islamiyya na matan aure, a ƙasar da Nana Asma'u ta aika malamanta mata na 'Yan Taru ƙauye-ƙauye suna shiga inda namiji ba ya shiga. Akwai Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, kuma mai ciwon da ya cinye gonarsa miskini ne ba gardama. Akwai hujjar da ta fi duka: foliyo. Gwamnati, da goyon bayan Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da hakimai, ta kai ɗigon da ke buƙatar ƙanƙara ƙofar kowane gida a jihar nan, shekara da shekaru, har aka ayyana Nijeriya ta rabu da asalin nau'in cutar a 2020. Tsarin da ya iya wannan ba zai ce gorar da ba ta buƙatar sanyi ta gagare shi ba. Abin da ake nema shi ne kabad mai makulli da littafin rajista a Babban Asibitin Illela, mai harhaɗa magani da aka ba izini, nas biyu ko uku da aka horar aka kuma ba su ikon rubutawa, babur, da lambar wayar da ake ɗauka da dare.

Sai kuma iyakar kanta. Dangin Lafani ba su ƙare a shingen kwastan ba. Ana auna mace a Sakkwato ta je jinya wurin uwarta a wani ƙauyen Kwanni, ana yi wa namiji aiki a Galmi ya dawo ya kwanta a wannan gefe. Mofin magani ce mai tsauraran dokoki, ɗan da ya ƙetara da gorar mahaifiyarsa ba takarda yana iya kwana a hannun jami'ai a matsayin mai fataucin ƙwaya. An rufe iyakar nan daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai, kuma kowane karo marasa lafiya na cikin waɗanda suka fara ji a jika. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, ma'aikatan lafiyarsu kuma sun saba daidaita ranakun rigakafi a garuruwan iyaka. Takarda guda mai Hausa da Faransanci da Ingilishi, ɗauke da sunan mara lafiya da adadin maganin da hatimin asibitin da ya bayar, wadda jami'an Sakkwato da na Tawa suka amince da ita, ta isa ta raba mai jinya da mai fasa-ƙwauri a idon wanda ke tsaye a shinge.